Mari Ward, Matar da Ta Buɗa wa Ƴan Mata Makarantu Aka Ɓoye Sunanta

A cikin matan da suka yi wa ilmin ƴan mata hidima a ƙasashen Turai akwai wata Baturiyar Ingila mai suna Mari Ward, wadda ta rayu daga shekarar 1585 zuwa 1645. Ta kafa makarantu a ƙasashe da dama, hukumar addininta ta rufe su, ta kuma tsare ta. Bayan rasuwarta har an hana mabiyanta su ce ita ce ta kafa ƙungiyarsu. Abin da ya tsare labarinta daga ɓacewa shi ne rubutun matan da suka yi karatu, suka zauna tare da ita.

An haife ta ran 23 ga Janairu 1585 a lardin Yoksha, arewacin Ingila, a gidan masu hali mabiya ɗarikar Katolika. A zamanin nan Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ke mulki, ƙasar kuwa ta riga ta raba gari da Fafaroma. Duk wanda ya ƙi zuwa majami'ar gwamnati, doka ta aza masa tarar fam 20 kowane wata. A shekarar da aka haife ta ma aka yi dokar kisa a kan limaman Katolika da suka shigo daga waje, da wanda ya ɓoye su a gidansa. Kakarta ta wajen uwa, wadda ta riƙe ta tana ƙarama, ta yi shekaru a kurkuku saboda addininta.

Da ta isa aure manema suka fito, iyaye suka matsa, amma ta ce ita zaman zuhudu take so. To, a Ingila babu sauran gidan zuhudu ko ɗaya, domin Sarki Henri na Takwas ya rufe su duka tsakanin 1536 da 1540. Saboda haka a 1606 ta haye teku zuwa garin Santomer, wanda yake hannun Sipaniya a lokacin, yanzu kuwa yana arewacin Faransa. Can ta shiga wani gidan mata masu zuhudu, aka sa ta aikin yawon neman sadaka domin ciyar da gidan. Daga baya ta kafa wa matan Ingila nasu gidan a wani gari kusa, amma nan ma hankalinta bai kwanta ba. A 1609 ta koma Landan, ta tara waɗansu ƴan mata masu ra'ayi irin nata, suka komo Santomer tare, suka buɗe makaranta. Ƴaƴan Ingilishi suna kwana a gidan, ƴaƴan gari suna zuwa da rana ba tare da biyan kome ba.

A nan ne wahalarta ta soma. Babban taron shugabannin Katolika da aka yi a garin Tarant na Italiya, daga 1545 zuwa 1563, ya yanke cewa duk macen da ta ɗauki alkawarin zuhudu sai ta zauna cikin kulle, bayan katanga, ba fita. Mari Ward ta ga malamar da ke kulle ba ta iya bin yara inda suke, ba ta kuma iya aiki a Ingila, inda ba gidan zuhudu. A 1611 ta ƙudurta bin tsarin ƙungiyar Jezuwit, wato limamai maza da suka yi suna wajen kafa makarantun samari a Turai. Abu uku ta nema: kada a kulle matanta, kada a tilasta musu tufafi na musamman, kuma mace ta shugabance su duka, ta riƙa amsa wa Fafaroma kai tsaye. A 1617, da labari ya zo mata cewa wani limami ya ce himmarsu za ta huce tun da mata ne kawai, sai ta tara ƴan uwanta ta nuna musu cewa babu wani bambanci tsakanin namiji da mace da zai hana mace yin babban aiki.

Iyaye suka karɓi makarantun hannu bibbiyu. Aka buɗe a Liyej cikin 1616, sa'an nan Kolon da Tirir a ƙasar Jamus. Ana koya wa yara karatu da rubutu, da lissafi, da harsuna har da Latin, da ɗinki, da kiɗa, da addini. Har wasan kwaikwayo ake sa su yi, don su saba da magana a gaban jama'a, abin da a lokacin samari kaɗai ake koya wa.

Domin ta sami yardar Fafaroma, a watan Oktoba 1621 ta tashi daga Burusel da ƙafa, ita da ƴan rakiya kaɗan, suka ƙetare duwatsun Alp, suka isa Roma a jajiberen Kirsimeti bayan tafiyar wata biyu. Fafaroma Giregori na 15 ya karɓe ta da mutunci, amma bai ba da izni ba. Don a ga aikin da ido sai ta buɗe makaranta a Roma cikin 1622, da Napoli a 1623, da Peruja a 1624. Abokan gaba kuwa ba su zauna ba. Waɗansu limaman Ingila da ke husuma da ƴan Jezuwit suka yi ta aika ƙara Roma, suna yi wa matan ba'a da cewa ƴan yawo ne masu shiga aikin maza. Shugabannin Jezuwit ɗin ma suka ja jiki, domin dokarsu ta hana su ɗaukar nauyin ƙungiyar mata. Daga 1625 aka shiga rufe makarantun Italiya. Ta juya arewa, inda sarkin Bavariya ya ba ta gida a Munik cikin 1627. A wannan shekara ta buɗe wata makarantar a Biyana, inda ɗaruruwan ƴan mata suka shiga, a 1628 kuma ta buɗe a birnin da ake kira Biratisilaba a yau.

A watan Janairu 1631 Fafaroma Urban na 8 ya sa hannu a takardar da ta soke ƙungiyar gaba ɗaya. Cikin Fabrairu aka kama Mari Ward a Munik bisa zargin bidi'a da tawaye, aka kulle ta a wani ɗaki na gidan zuhudu har wata biyu, ciwo ya kusa kashe ta. Tana ciki tana rubuta wa ƴan uwanta wasiƙu da ruwan lemun tsami a takardun da ake naɗo mata abinci, rubutun da ba ya fitowa sai an kara shi kusa da wuta. Abin da take gaya musu shi ne su bi umurnin Fafaroma, kada su riƙe kowa a zuci. Da aka sake ta sai ta tafi Roma, aka wanke ta daga zargin bidi'a, amma ba a ɗage sokewar ba. Yawancin matan suka watse, waɗansu ba su da ko kuɗin komawa gida.

A 1639 ta koma Ingila, ta tara yara kaɗan a Landan. Yaƙin basasa ya tashi a 1642, ta ƙaura zuwa wani ƙauye kusa da birnin Yok, inda ta rasu ran 30 ga Janairu 1645, tana da shekara 60.

Matan da suka rage ba su bari aikin ya mutu ba. A Munik suka ci gaba da koyarwa a matsayin malamai kawai, mutanen Jamus suna kiransu ƴan matan Ingila. Biyu daga cikin abokan tafiyarta, Mari Poyntz da Winifred Wigmore, su ake jingina wa taƙaitaccen tarihinta na farko, wanda aka rubuta da hannu ƴan shekaru bayan rasuwarta. Suka adana wasiƙunta, aka kuma zana rayuwarta a hotuna 50 waɗanda ke ajiye a garin Ogsbur. A 1686 aka buɗe gida da makaranta a Yok a ɓoye, gidan yana nan har yau. A 1703 Roma ta amince da dokokin zamansu, amma a 1749 Fafaroma Benedik na 14 ya hana a kira Mari Ward wadda ta kafa ƙungiyar. Shekara 160 aka yi a haka, ƴan mata suna karatu a makarantun, sunan mai makarantun kuwa ba a faɗa a fili.

Littafi ne ya buɗe hanya. Wata malama daga cikinsu, Mari Katarin Chambers, ta bi tsofaffin takardu ta wallafa tarihin Mari Ward cikin juzu'i biyu, a 1882 da 1885. Masu karatu suka ga hujja da idonsu, aka shiga kai roƙo Roma, har a 1909 Fafaroma Piyus na 10 ya yarda a maida mata sunanta. Bincike bai tsaya nan ba: Henriette Peters ta fitar da babban tarihinta da Jamusanci a 1991, Ursula Dirmeier kuma ta tattara wasiƙu da takardun zamanin cikin juzu'i huɗu a 2007. A watan Disamba 2009 Fafaroma Benedik na 16 ya sa ta cikin bayin Allah da ɗarikar ke girmamawa.

Reshen ƙungiyar da aka kafa a Ailan, wanda ake kira Loreto, shi ya kai makarantun Indiya a 1841, da Afirka ta Kudu a 1878, da Kenya a 1921. Cikin wannan reshe Uwa Teresa ta Kalkuta ta shiga a 1928, ta yi shekaru tana koyarwa. A wata makarantarsu ta Kenya kuma Wangari Maathai ta yi sakandare, ita ce mace ta farko daga Afirka da ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya, a 2004.