Charles Wheatstone: Mai Kunyar Da Ya Gano Amfanin Ido Biyu

Mai karatu, ɗaga yatsanka a gaban hancinka, ka rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga kamar yatsan ya gusa. Mutumin da ya fayyace hikimar wannan abu shi ne nake son in ba da tarihinsa a taƙaice.

An haifi Charles Wheatstone a shekarar 1802 kusa da garin Gloucester a ƙasar Ingila. Danginsa masu sana'ar kayan kiɗa ne, kuma yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sana'ar wajen baffansa a Landan. A 1834 ya zama farfesa a King's College. Sai dai Allah ya yi shi da tsananin kunya, har ta kai abokinsa Michael Faraday ne yake gabatar masa da wasu laccocinsa.

A shekarar 1838 ya bayyana wa ƙungiyar masana ta Royal Society cewa tazarar da ke tsakanin idanun mutum, wajen santimita 6, ita ke sa kowane ido ya ga abu ta ɓangarensa. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu, ta auna bambancinsu, ta gane na kusa da na nesa. Don tabbatar da haka, ya ƙera na'ura mai madubi biyu, ya zana abu ɗaya sau biyu, kowane zane yadda ido ɗaya ke ganinsa. Da aka duba, sai zanen ya tashi tamkar a kai hannu a taɓa. Ya kira ta sitiriyoskof. A kan wannan tushe aka gina finafinan 3D da ake kallo da tabarau.

Daga baya David Brewster ya ƙera ƙarama mai gilashi, wadda ta yi farin jini a baje-kolin Landan na 1851, har ya yi ta musun cewa Wheatstone ne ya fara. Tarihi dai ya bar wa mai abu abinsa. Wheatstone ya rasu a Faris a 1875.

Ni da nake koyon Hausa da girmana, bakina yakan yi nauyi idan malam ya tsayar da ni a gaban aji. Labarin wannan bawan Allah ya ƙarfafa mini gwiwa, domin kunya ba ta hana shi barin abin da duniya ke mora har yau ba.