James Braid: Likitan da ya raba hifnotizim da masu wasan dandali

A ranar 13 ga Nuwamba, 1841, jama'a suka taru a wani zaure a birnin Manchesta na ƙasar Ingila domin kallon wani Bafaranshe mai suna Charles Lafontaine, wanda ke yawo gari-gari yana sa mutane wani irin barci a bainar jama'a, har a soka musu allura ba su motsa ba. Iƙirarinsa shi ne akwai wani ƙarfin maganaɗisu da ke fita daga jikinsa ya shiga nasu. Cikin 'yan kallon akwai wani likitan fiɗa ɗan shekara 46, James Braid, wanda ya je wurin da yaƙinin cewa damfara ce tsagwaronta.

An haifi Braid a ranar 19 ga Yuni, 1795, a yankin Portmoak na ƙasar Sikotilan. Ya koyi aiki a garin Leith a hannun likitocin fiɗa biyu 'yan gidan Anderson, uba da ɗa, yana kuma halartar darussa a Jami'ar Edinbara, kafin ya karɓi shaidar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Edinbara a 1815. Ya fara da duba ma'aikatan haƙar dalma a Leadhills, ya zauna a Dumfries, sannan ya koma Manchesta a 1828, inda ya yi suna wajen gyaran murɗaɗɗiyar ƙafa da karkataccen ido.

Wannan horo ne ya bambanta shi da sauran 'yan kallo. Da ya sake komawa wasan Lafontaine, sai ya lura cewa wanda aka sa barcin ya kasa buɗe idanunsa, kuma a ganinsa na likita wannan ba kwaikwayo ba ne. Maganar maganaɗisu kuwa bai karɓe ta ba. Dama tun a 1784 wani kwamiti da Sarkin Faransa ya kafa, wanda Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier ke ciki, ya binciki wannan koyarwa ta Franz Mesmer, wadda Lafontaine ya gada, bai kuma sami alamar wani ƙarfi irin wannan ba. Braid ya koma gida ya gwada da kansa: ya sa wani abokinsa ya ƙura wa bakin kwalba ido, ya sa matarsa ta ƙura wa kwanon sukari ido, cikin 'yan mintoci dukansu suka shiga wannan yanayi ba tare da ya taɓa su ba. Ashe abin daga cikin mutum yake fitowa, idan ido ya gaji, hankali kuma ya tattaru wuri guda. Kafin watan ya ƙare ya fara lacca a kai.

Bai sha da daɗi ba. A watan Afrilun 1842 wani limamin coci a Liverpool, Hugh M'Neile, ya yi wa'azi yana danganta lamarin da aikin Shaiɗan, Braid ya mayar masa da martani a rubuce. A watan Yuni na wannan shekara kuma ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, da ta yi taronta a Manchesta, ta ƙi karɓar maƙalarsa. Sai ya shirya nasa zaman, ya gayyaci mahalarta taron su gani da idonsu.

A 1843 ya wallafa littafinsa Neurypnology, wanda ya yaɗa kalmar hifnotizim, daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Daga baya shi da kansa ya gane cewa ba barci ne na haƙiƙa ba, tsananin mayar da hankali ne a kan tunani guda, ya nemi sauya sunan, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Littafin bai rasa tuntuɓe ba, domin ya ba da fili ga ra'ayin nan na karanta halin mutum daga ƙulluman ƙoƙon kansa, wanda daga bisani ya janye daga gare shi da ya fahimci cewa mutanen da yake gwaji a kansu suna bin abin da suka zaci ana so ne. Irin wannan janyewa ba kasafai ake samunta ba a wurin wanda ya riga ya yi suna.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai neman magani a yau shi ne iyakokin da ya gindaya. Bai taɓa cewa hifnotizim maganin kowace cuta ba ne, kuma bai ajiye wuƙar fiɗa ko magungunansa saboda shi ba. Ya yi gargaɗi cewa ba abin wasa ba ne a hannun wanda bai sani ba, ya nace cewa jinya da shi aikin masu ilimin likitanci ne. Dalilin a fili yake: wanda ke fama da ciwon kai ko ciwon ciki yana buƙatar a fara gano abin da ke damunsa. Mai iya kwantar da raɗaɗi amma bai iya gano cuta ba, yana iya lulluɓe alamar ƙari ko gyambon ciki har lokaci ya ƙure.

Braid ya rasu a Manchesta ranar 25 ga Maris, 1860, aka binne shi a Neston. A ƙasarsa ba a ba aikinsa wani muhimmanci ba a lokacin. Faransawa ne suka ɗauka: Eugène Azam da Paul Broca tun yana raye, sai Liébeault da Bernheim a birnin Nancy bayan rasuwarsa. Sai a 1892 wani kwamitin Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ya amince da amfanin hifnotizim wajen jinya, tare da shawarar a taƙaita shi ga ƙwararrun likitoci, wato matsayin da Braid ya ɗauka kusan shekara 50 kafin nan. A 1952 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta sa wa wasan hifnotizim na dandali linzami.

Sai dai ɗakin jinya bai sami irin wannan doka ba. Har yau a Birtaniya doka ba ta tilasta wa mai wannan sana'a samun wani takamaiman horo ba, kowa na iya kafa allo a ƙofarsa. Shi ya sa hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, ke shawartar jama'a su nemi wanda ke da tushe a aikin lafiya, kamar likita ko masanin halayyar ɗan'adam, wanda ya sami horo kan irin lalurar da ake kai masa, kuma sunansa ke cikin rajistar da hukumar sa ido kan sana'o'in lafiya ta amince da ita. Hukumar ta kuma gargaɗi masu taɓin hankalin da ke sa gane-gane ko jiye-jiye su guje shi, domin yana iya tsananta musu ciwon.