William Shakespeare da Faɗan Titin Verona

An haifi William Shakespeare a watan Afrilu na shekarar 1564, a wani ƙaramin gari mai suna Stratford da ke bakin Kogin Avon a ƙasar Ingila. Mahaifinsa, John, baduku ne mai ɗinka safar hannu, kuma ya taɓa riƙe shugabancin majalisar garin. William yana ɗan shekara 18 ya auri Anne Hathaway, wadda ta girme shi da kimanin shekara takwas. Suka haifi 'ya'ya uku: Susanna, sai tagwaye Hamnet da Judith. Hamnet ya rasu a 1596 yana ɗan shekara 11.

A shekarar 1592 an riga an san shi a birnin Landan a matsayin ɗan wasa kuma marubucin wasan kwaikwayo. A 1594 ya shiga wata ƙungiyar 'yan wasa wadda daga baya Sarki James ya ɗauke ta a ƙarƙashin inuwarsa. A zamanin da rana ake yin wasa, a gidan da tsakiyarsa ba ta da rufi, kuma talakawa a tsaye suke kallo. Mata ba sa hawa dandamali. Yara maza ne ke fitowa a matsayinsu. Marubuci ba shi da fitilu ko wasu na'urori da zai dogara da su. Idan zance da tsarin labari ba su riƙe mai kallo ba, sai ya juya yana hira da na kusa da shi.

A wajajen 1595 ne ya rubuta Romeo da Juliet, aka fara buga shi a 1597. Ba shi ya ƙirƙiri labarin ba. Ya same shi a wata doguwar waƙa da Arthur Brooke ya wallafa a 1562, kuma asalinsa daga Italiya ya fito. Gidaje biyu ne a birnin Verona, Montague da Capulet, suke gaba da juna tun kaka da kakanni. Romeo na gidan farko ya kamu da son Juliet ta gida na biyu, wani malamin coci ya ɗaura musu aure a asirce. A waƙar Brooke labarin ya ɗauki watanni. Shakespeare ya matse shi cikin 'yan kwanaki, bai kai mako guda ba.

Gwanintarsa ta fi bayyana a Kashi na Uku, Fitowa ta Ɗaya. Kafin wannan wuri wasan cike yake da raha: ga biki, ga barkwanci, ga aure. Sai a ranar auren, da tsakar rana mai zafi, Tybalt ya fito titi yana neman Romeo da faɗa. Tybalt ɗan kawun Juliet ne, don haka ya zama surukin Romeo ba tare da ya sani ba. Ya zagi Romeo, Romeo ya amsa da lallami. Mu 'yan kallo mun san dalili, amma waɗanda suka yi cirko-cirko a titin ba su sani ba. Wannan ne ke sa zuciyar mai kallo ta riƙa bugawa, domin yana riƙe da sirrin da zai iya kashe wutar, amma ba shi da bakin faɗa.

Mercutio, aminin Romeo, ya ɗauki lallamin a matsayin ragwanta, sai ya zare takobi. Romeo ya shiga tsakani don ya raba, Tybalt kuwa ya soki Mercutio ta ƙarƙashin hannun Romeo. A ganina, babu wani motsi a wasan da ya kai wannan nauyi. Da a ce mugunta ce kawai ta kashe Mercutio, da baƙin cikin ya zo da sauƙi. Ƙoƙarin sulhu ne ya ba takobi hanya.

Ya kamata a lura da wanda marubucin ya zaɓa ya kashe. Mercutio ba ɗan gidan Montague ba ne, ba kuma ɗan gidan Capulet ba. Ɗan'uwan sarkin birnin ne. A waƙar Brooke da ƙyar aka ambace shi, kuma babu hannunsa a wannan faɗa. Shakespeare ne ya raya shi, ya mai da shi mai bakin ban dariya har 'yan kallo suka saba da shi, sannan ya ɗauke shi a tsakiyar wasa. Har yana gab da cikawa bai daina zolaya ba, yana yi yana tsine wa gidajen biyu. Bayan mutuwarsa raha ta yi ƙaranci ƙwarai.

Nan take Romeo ya manta da haƙurinsa, ya kashe Tybalt. Tun a farkon wasan sarki ya yi gargaɗi cewa duk wanda ya sake tayar da fitina a titi zai biya da ransa, saboda haka mai kallo ya san abin da ke jiran ango. Sarki ya sassauta, ya kore shi daga Verona. Wannan kora ce ta jawo sauran masifu: gaggawar aurar da Juliet ga wani, da maganin barcin da ta sha, da wasiƙar da ba ta isa hannun Romeo ba. Da aka shiga fitowa ta gaba, sai ga amarya ita kaɗai tana ɗokin dare ya yi, ba ta san an zubar da jini ba.

Bayan wannan wasa Shakespeare ya rubuta Hamlet da Othello da Macbeth da wasu da dama. A 1599 ƙungiyarsa ta gina gidan wasa na Globe, wanda gobara ta cinye a 1613. Ya yi arziki, ya sayi babban gida a garinsu, ya koma can a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu ranar 23 ga Afrilu, 1616, yana da shekara 52, aka binne shi a cocin garin. A 1623 abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tattara wasanninsa 36 a littafi ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Twelfth Night, shi ne Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu.