Mustafa Akkad, Daraktan da Ya San Inda Kyamara Za Ta Tsaya

A ƙasar Hausa, daga birnin Sakkwato har garuruwa irin su Bodinga da Shagari, mutane da dama sun kalli fim ɗin Ar-Risala, amma kaɗan ne suka san tarihin wanda ya shirya shi.

An haifi Mustafa Akkad a birnin Halab na ƙasar Siriya a 1930. Yana matashi ya tafi Amurka, inda ya karanci harkar fim a jami'o'in UCLA da USC da ke Los Angeles. Can ya lura da yadda Turawa suka jahilci Musulunci, sai ya ƙuduri aniyar ba su labarin farkon addinin ta hanyar da suka saba da ita, wato sinima.

Babban ƙalubalensa shi ne yadda zai ba da tarihin Annabi Muhammadu (SAW) ba tare da wani ya fito a matsayinsa ba. Ya nemi shawarar malaman Azhar, ya kuma ɗauki matsaya: ba a ga Manzon Allah a fim ɗin ba, ba a ji muryarsa ba. A wasu wuraren kyamara ce ke tsayawa a gurbinsa, sahabbai su fuskance ta suna magana, a wasu kuma raƙumarsa kaɗai ake gani. Halifofi huɗu ma ba su fito ba. Daga Sayyidina Aliyu (RA) takobinsa Zulfikar kawai aka nuna. Nauyin labarin ya koma kan Sayyidina Hamza (RA), wanda Anthony Quinn ya fito a matsayinsa a fim na Turanci, Abdullahi Gaith kuma a na Larabci.

Wannan taka-tsantsan bai kare shi daga tsangwama ba. An dakatar da ɗaukar fim ɗin a Maroko, sai da ya koma Libiya ya kammala, aka fitar da shi a 1976. A watan Maris na 1977 wasu 'yan bindiga suka yi garkuwa da mutane a Washington, kuma hana nuna fim ɗin na cikin buƙatunsu.

A 1978 ya ɗauki nauyin Halloween, fim ɗin ban tsoro da John Carpenter ya ba da umarni, wanda ya fi dogara da duhu, inuwa da kiɗa fiye da nuna jini, ya bar zuciyar mai kallo ta ƙarasa sauran. Amma inda ɓoyewa za ta zama rufa wa azzalumi asiri, Akkad ya buɗe komai. A fim ɗinsa na Umar Mukhtar ya nuna sansanonin da Italiya ta tsare Libiyawa da kuma rataye dattijon da aka yi a 1931, har gwamnatin Italiya ta hana nuna shi a ƙasarta.

Ranar 9 ga Nuwamba, 2005, bam ya tashi a otal ɗin Grand Hyatt da ke Amman, ya kashe 'yarsa Rima nan take. Shi kuma ya rasu bayan kwana biyu, bai kai ga cika burinsa na shirya fim kan Salahuddin Ayyubi ba. Masu shirya fina-finan Hausa da ke taɓa tarihin magabata suna da abin koyo a aikinsa game da abin da ladabi ya sa a sakaya da abin da gaskiya ta sa a bayyana. Allah ya jiƙansa.