Abubakar Imam: marubucin da ya kai hirar dare cikin littafi

A ƙarshen Disamba, lokacin da ofisoshin Abuja ke yin shiru, ma'aikata na kama hanyar gida, hunturu ya riga ya sauka a arewa maso gabas. Potiskum ta yi suna wajen sanyi. A unguwa irin Dogo Nini, da an yi sallar isha'i yara kan matsa kusa da wuta ko su shige ɗakin kaka, kuma labarin da suka fi roƙo shi ne mai tayar da tsikar jiki: dodo, maye, fatalwa, aljanin gindin tsamiya. Turawan Ingila ma suna da irin wannan al'ada a hutun Kirsimeti, wadda Charles Dickens ya ƙara wa farin jini da littafinsa na fatalwoyi a 1843. A ƙasar Hausa kuwa, mutumin da ya fi kowa ɗauko hirar dare ya zuba ta a takarda shi ne Alhaji Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911, a gidan malamai da asalinsu ya fito daga ƙasar Borno. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne. Ya fara da karatun allo da littattafan addini, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Abin bai zo da sauƙi ba. A wajen malaman lokacin, alƙalami na ilmi ne da wa'azi da tarihi. Tatsuniya kuwa hirar mata da yara ce, wadda ba a ma yin ta da rana. Mutum mai daraja ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba, ai ya rubuta ƙarya ke nan. Imam, yana da shekara 22, ɗan alƙali kuma, ya ɗauki wannan kasada da sunansa. Ruwan Bagaja ya fito cikin littattafai biyar da gasar ta haifar, tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Jarumin littafin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora don neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke wa limamin da ya rene shi wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ya yi shekaru yana yawo suna gasa wa juna aya a hannu shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, amma ruwan bai samu ba sai da ya shiga hurumin aljannu. A nan ne bambancin ya fito. A labaran Ingila mamaci ne ke dawowa ya tsaya bakin gado. Musulmin Bahaushe ya san wanda aka binne ba ya dawowa, don haka nauyin tsoron duk ya koma kan aljani, halittar da addini ya tabbatar da ita, mai mutuwa, mai hisabi. Aljanin Imam yana da sarauta, yana ɗaukar alkawari, yana rama alheri. Mai karatu zai yi fargaba, amma ba a taɓa masa aƙida ba, kuma hakan na cikin abin da ya sa littafin ya shiga aji ya zauna.

A 1936 aka aro shi zuwa Zariya na wata shida, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku masu labarai wajen tamanin. Da yawansu ya samo tushensu daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin 'yan'uwan Grimm na Jamus, da labaran Indiya, sai ya sa musu riga da rawani har ba a gane baƙi ne.

Ginin littafi na farko shi kansa hirar dare ce. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya ƙulla makircin da zai hallaka yaron da zarar ya fita. Kullum dare Musa kan yi shirin bin rundunar, sai aku ya tare shi da labari, ya ja shi har gari ya waye. Tsuntsun ba shi da takobi, ba shi da ikon hana ɗan sarki fita. Abin da ke hannunsa kawai sanin labarin da zai riƙe mai sauraro zuwa asuba. Abin lura kuma, duk da bokaye da dodannin da ke yawo cikin labaran, mugun da ke neman ran Musa mutum ne, babban na hannun daman sarki, mai zama a majalisa kullum. Duk wanda ya taɓa aiki kusa da mai mulki zai gane wannan fada. Da sarki ya dawo asiri ya tonu, sai aka naɗa akun waziri.

Rayuwar marubucin ta bi kusan wannan hanya. A Janairun 1939 ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya riƙe ta fiye da shekara goma yana faɗa wa Turawa da sarakuna abin da ba kowa ke iya faɗa ba, cikin lafazin da ba za a kama shi da laifi ba. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugard, ya bayyana masa koke-koken Arewa. Tafiyar ce ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya shiga majalisar dokoki a farkon shekarun 1950, daga baya ya bar siyasa ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Ayyukan nan sun cinye masa lokaci: ya rubuta tarihi da littattafan addini, amma bai sake yin ƙagaggen labari mai girman na ƙuruciyarsa ba, kuma wannan rashi ne ga adabin Hausa.

Ya rasu a Zariya a watan Yunin 1981, yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, waɗanda suka karanta shi a firamare suka zauna da 'ya'yansu da dare suna kallo.