ABEBE BIKILA: ƊAN TUDDAN HABASHA DA YA CI TSEREN DUNIYA BA TAKALMI

Kowace shekara idan hunturu ya kama a nan Sabon Gari, aka buga ƙararrawa da asuba domin gudun dogon zango, mun san irin gunagunin da ke tashi. Wani ya ce sanyi ya yi yawa, wani ya ce ƙafarsa ta yi kaushi, wani kuma ya ce ba a saya masa kambas ba. Mu da muke wannan rubutu ma ba mu kuɓuta ba, gama mun taɓa laɓewa a bayan aji har aka gama gudu. Shi ya sa a bana muka ga ya kamata mu kawo muku tarihin wani mutum wanda ya tashi a ƙasar da ta fi tamu sanyi nesa ba kusa ba, ya kuma ci tseren gudu mafi tsawo na wasannin Olamfik ba takalmi a ƙafarsa. Sunansa Abebe Bikila, mutumin Habasha.

Ƙasar da ya tashi

An haifi Abebe ranar 7 ga Agusta, 1932, a wani ƙauye mai suna Jato, kusa da garin Mendida a lardin Shewa. Mahaifinsa makiyayi ne, shi ma ya tashi yana bin dabbobi a kan tuddai. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya suka faɗa wa Habasha da yaƙi a 1935, ba su kuwa fita ba sai a 1941.

Domin mu gane irin ƙasar, sai mu gwada ta da tamu. Sakkwato tana da tudun kimanin mita 300 bisa teku. Jos, wadda muke jin labarin sanyinta, tana da kimanin mita 1,200. Amma Addis Ababa, babban birnin Habasha, ta wuce mita 2,300, dutsen Entoto da ke arewa da ita kuwa ya haura mita 3,000. A irin wannan wuri dare da asuba akwai sanyi kusan kullum, wani lokaci har raɓa takan daskare a kan ciyawa. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin bazara yake wuce digiri 40 a nan, su a can suna cikin ƙaramar damina, tuddai sun yi kore, hanyoyi sun yi santsi.

Akwai kuma wani abu. Idan mutum ya hau tudu sosai iska takan yi ƙaranci, kowane numfashi ba ya kawo oksijin kamar yadda yake kawowa a kwari. Baƙo yakan yi haki ko da tafiya kawai yake yi. Amma jikin wanda ya daɗe a can yakan saba, ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar oksijin. Wannan baiwa ce ga duk mai zama a tudu. Sai dai miliyoyin mutane suna da ita, ba duka ne suka zama Abebe ba.

Soja mai gudu da asuba

Yana da kimanin shekara 20 ya tafi Addis Ababa, ya shiga rundunar da ke tsaron Sarki Haile Selassie. A waɗannan shekaru ya riƙa yin gudu kowace rana tsakanin tuddan Sululta da birnin, tazarar kimanin kilomita 20, ba mai kallo, ba mai tafi. A 1956 ya zo na biyu a gasar sojojin ƙasar, bayan wani gwani mai suna Wami Biratu.

A nan ne wani mai horarwa daga ƙasar Suwidin, Onni Niskanen, wanda gwamnatin Habasha ta ɗauka aiki, ya lura da shi. Niskanen ya tsara masa horo: wata rana hawan tudu, wata rana gajeren gudu mai sauri ana maimaitawa, wata rana kuma doguwar hanya. Ƙarfin da yaro makiyayi ya tara a daji sai ya haɗu da tsari da kiyaye lokaci. A 1960 ya yi gudun famfalaki, wanda ake kira maraton, a Addis Ababa cikin awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 23. Ko da yake a kan tudu ne, wannan lokaci ya fi wanda shahararren Emil Zatopek ya yi a wasannin Olamfik na 1952. Saboda haka aka sa shi cikin masu tafiya Roma.

Daren Roma

Tsawon maraton kilomita 42 ne da mita 195. Idan a filin wasa ne mai zagayen mita 400, sai mutum ya zagaya sau 105 da rabi. A Roma Abebe ya sami sabon takalmi, amma bai yi masa daidai ba, har ƙafarsa ta yi bororo. Sai ya yanke shawara ya yi gudun ba takalmi, yadda ya saba a gida.

Ranar 10 ga Satumba, 1960, aka fara tseren da yamma saboda zafin rana, aka ƙare da dare. Sojojin Italiya sun jeru a gefen tsohuwar hanyar Afiya riƙe da sanduna masu cin wuta domin haskaka wa masu gudu. Da tafiya ta yi nisa sai aka bar mutum biyu a gaba, Abebe da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko. Hanyar ta bi ta gaban hasumiyar dutse ta Aksum, wadda Italiya ta ɗauke daga Habasha a 1937, ba a kuwa mayar da ita gida ba sai a 2005. Kusa da ƙarshe Abebe ya ƙara wuta, ya isa Ƙofar Konstantin cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya riga Rhadi da daƙiƙa 25. Ba wanda ya taɓa yin maraton da sauri haka kafin wannan dare.

Shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik. Abin ya zo a kan gaɓa, gama a shekarar nan ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai, tamu Nijeriya kuwa ta sami nata mako uku bayan tseren. Da ya koma gida aka ƙara masa girma zuwa kofur. Amma ɗaukaka ba ta hana jarraba. A Disamba na wannan shekara shugabannin rundunarsa suka yi yunƙurin kifar da Sarki, abin bai yi nasara ba. An tsare Abebe na ɗan lokaci aka yi masa tambayoyi, sa'an nan aka sake shi domin ba shi da hannu.

Faɗuwa a Boston, tashi a Tokiyo

A 1961 ya ci maraton uku, a Atina, da Osaka, da Kosice. Sai a watan Afrilu na 1963 ya tafi Boston ta Amurka, lokacin da hunturunsu ya ƙare amma iska mai sanyi ba ta daina kaɗawa ba. Shi da ɗan ƙasarsu Mamo Wolde suka fita da sauri ƙwarai, suka daɗe a gaba. Da suka kai tuddan da ke kusa da ƙarshen hanya, sanyi da gajiya suka kama ƙafafunsu. Abebe ya zo na biyar. Ashe ko ɗan tudu ma idan ya yi gaggawa tun farko zai biya a ƙarshe. Bai tsaya a hanya ba, ya ƙarasa, ya koma gida ya ci gaba da horo.

Ana saura kimanin kwana 40 a yi tseren Olamfik na Tokiyo a 1964, ciwon ciki ya kama shi. Likitoci suka gano afendis ne, wato kumburin wata 'yar wutsiya da ke jikin hanji, aka yi masa aiki ranar 16 ga Satumba. Mutane da yawa sun ɗauka an gama da shi a wannan shekara. Amma ranar 21 ga Oktoba ya tsaya a layi, wannan karo da takalmi. Ya gama cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, ya sake kafa sabon tarihi na duniya. Wato kamar ya zagaya filin mita 400 cikin daƙiƙa 75, ya maimaita haka sau 105 ba hutawa. Duk wanda ya taɓa yin zagaye ɗaya a filin wasa na Giginya zai san abin da muke nufi. Na biyu, Basil Heatley na Ingila, sai bayan minti huɗu ya iso, ya tarar Abebe ya riga ya yi 'yan motsa jiki a kan ciyawa. Shi ne mutum na farko da ya ci maraton na Olamfik sau biyu. A wasannin nan ne kuma Nijeriya ta sami lambarta ta farko, ta tagulla, ta hannun ɗan dambe Nojim Maiyegun.

A 1968 ya je Meziko yana neman na uku, amma akwai tsagewa a ƙaramin ƙashin ƙwaurinsa. Ya yi kimanin kilomita 17 ya tsaya. Abokinsa Mamo Wolde ne ya ci, zinariya ta sake komawa Habasha.

Sa'ad da ƙafafu suka tafi

A daren 22 ga Maris, 1969, motarsa ƙirar Volkswagen ta kife da shi a kan hanya, ba a fitar da shi ba sai da gari ya waye. Ya ji rauni a ƙashin wuya, jikinsa ya shanye. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, inda ya yi wata takwas. A hankali hannuwansa suka dawo, amma ƙafafun da duniya ta san shi da su ba su ƙara taka ƙasa ba. Yana da shekara 36, ya koma kan keken guragu.

A ganinmu wannan ne sashe mafi girma na rayuwarsa. Mutumin da zai iya zama a ɗaki yana tuna baya, sai ya fara koyon sabon abu daga tushe. A 1970 ya shiga wasannin naƙasassu na Stoke Mandeville, ya yi harbin kibiya da ƙwallon tebur. A watan Afrilu na 1971 aka gayyace shi Norwe, ƙasar duwatsu da dusar ƙanƙara. A can ya shiga tseren keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara, abin da ba a yi a ƙasarsu, ya kuwa zo na ɗaya. A 1972 aka kai shi wasannin Olamfik na Munik a matsayin babban baƙo, jama'a suka miƙe tsaye suna yi masa tafi.

Ya rasu a Addis Ababa ranar 25 ga Oktoba, 1973, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 41. Sarki da kansa ya halarci jana'izarsa tare da dubban mutane, aka binne shi a makabartar cocin Yusufu Mai Tsarki. Bayansa Habasha ba ta daina fitar da gwanaye ba: Miruts Yifter a 1980, Derartu Tulu a 1992, Haile Gebrselassie da Fatuma Roba a 1996, har zuwa Tamirat Tola wanda ya ci maraton na Faris a 2024.

Abin da ya rage gare mu

Kada wani ya karanta wannan ya jefar da kambas ɗinsa. Abebe ya fi sauri a Tokiyo da takalmi fiye da yadda ya yi a Roma ba takalmi. Rashin takalmi bai ba shi nasara ba, bai kuma hana shi ba. Abin da ya ba shi nasara shi ne shekarun da ya yi yana tashi cikin sanyi yana hawan tuddan Sululta sa'ad da ba wanda ya san sunansa. Wannan hali ne ya tashe shi bayan Boston, ya tashe shi daga gadon asibiti, ya kuma bi shi har kan keken guragu.

Mu ba mu da duwatsu a Sakkwato kamar 'yan'uwanmu na Pankshin a Jihar Filato, waɗanda aka sani da gudun dogon zango. Amma muna da asuba, muna da fili, muna da malaman wasanni. A lokacin hunturu mu fara da ɗumama jiki kafin gudu. A lokacin bazara mu fita tun rana ba ta fito ba, mu sha ruwa isasshe, mu fara a hankali kada mu yi kuskuren Boston. Haka yake kuma ga karatu. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar fita su sani cewa abin da za a gani a ɗakin jarrabawa, an riga an yi shi ne a darare da safiyoyin da ba mai kallo.

Ga 'yan'uwanmu masu barinmu a bana, wasu za su tarar da hanya mai tudu, wasu za su rasa abin da suka dogara da shi kamar yadda Abebe ya rasa ƙafafunsa. Muna roƙonsu su tuna da shi a ranar. Mu kuwa da muka rage, mun yi alkawari idan aka buga ƙararrawa da asuba a hunturu mai zuwa, ba za a same mu a bayan aji ba.