Joseph Fourier: ɗan tela da ya warware igiyar sauti

Duk ɗalibin da ya yi lissafi ko injiniyanci a Jami'ar Lome ya sha fama da sunan nan, wasu har yau ba su yafe masa ba. An haife shi a garin Auxerre na Faransa a 1768. Mahaifinsa tela ne, kuma tun bai kai shekara goma ba ya zama maraya. Lokacin juyin juya hali an ɗaure shi a 1794, sai faɗuwar Robespierre ce ta fid da shi.

A 1798 ya bi Napoleon zuwa Misira, ya zama sakataren cibiyar binciken da Faransawa suka kafa a Alƙahira. Kada mu manta, rundunar mamaya ya biyo. Birnin ne kuma wanda malamin lissafin nan na Katsina, Muhammad al-Kashinawi, ya rasu a cikinsa a 1741.

Da ya koma gida aka naɗa shi gwamna a Grenoble, yana mulki yana binciken yadda zafi ke ratsa ƙarfe. Abin da ya kawo a 1807 shi ne: duk abin da ke maimaita kansa a kan ƙa'ida, kamar wutar lantarkinmu da ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ko ƙugin injin zemijan a tsaye, ana iya warware shi zuwa igiyoyi masu sauƙi, ta farko, sai mai ninkinta biyu, uku, haka dai. Lagrange, babban malamin zamanin, bai yarda ba. Littafin bai fito ba sai 1822.

To, wanda ba ya maimaituwa fa, kamar tsawa ko tafi guda? Dabarar a nan ta fi burge ni: a ɗauka shi ma zai dawo, amma sai bayan lokaci mara iyaka. Sai igiyoyin su matsu da juna har babu tazara tsakaninsu. Da reshen wannan lissafi ake matse hoto da murya su shiga waya, har saƙon muryar da kake tura wa 'yan'uwa a Kano ko Kumasi.

Ya rasu a Paris ran 16 ga Mayu 1830, yana da shekara 62.